Na'urar Bin Motsin Kai a Wasannin Jiragen Yaƙi: Dole Sai TrackIR?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ina da laftof da joyistik, wutata ta sola ce. Ina buga War Thunder da IL-2, kuma kullum ta baya ake harbo ni, kafin in juya kallo da maɓalli an gama da ni. Na ga ana ta maganar TrackIR. Shin dole sai shi? In ba dole ba ne, me zan haɗa, kuma yaya ake saita shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ba dole sai shi ba. A ɗaki irin namu mai rufin kwano da taga ba labule mai kauri, hasken ɗakin da yadda ka saita manhaja su ne za su sa abin ya yi maka aiki ko ya ƙi. Mai TrackIR na dala 150 da rana ke dukan bangon bayansa zai sha wahalar da wanda ya haɗa tasa da ƙwayayen tsohon rimot, ya kuma toshe hasken, ba zai sha ba.

Ga yadda abin yake aiki. Kyamara na kallonka daga saman allo, manhaja na lissafin inda kanka ya fuskanta, sai ta miƙa wa wasan. Motsi shida ake bi: waiwaye hagu da dama, ɗaga kai da sunkuyar da shi, karkata shi zuwa kafaɗa, sannan gusawa gefe, miƙewa ko duƙawa, da matsowa gaba ko ja da baya. Ukun farko na neman abokin gaba ne. Ukun ƙarshe na leƙe ne, don in ƙarfen gilashin jirgi ya tare maka shi ka gusa ka gan shi, abin da mai tuƙa Bf 109, jirgin yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, ba ya hutawa da yi saboda kaurin ƙarafan murfinsa. Da yake allon ba ya bin ka, ba za ka waiwaya baya da gaske ba. Manhajar ce ke ninka motsin, kamar giyar keke: ka juya kai digiri 30 idonka na kan allo, matuƙin da ke cikin wasan ya juya digiri 170.

TrackIR na kamfanin NaturalPoint ne da ke jihar Oregon a Amurka, kuma TrackIR 5 da ake sayarwa ya fito tun 2009. Kyamararsa na ɗaukar hoto 120 a sakan, da hasken infirared take gani, wato irin hasken rimot da ido ba ya gani. Yana zuwa da ɗan ƙarfe mai madubai uku da ake maƙalawa a bakin hula, ko TrackClip Pro mai ƙananan ƙwayayen fitila (LED) uku da ake maƙalawa a hedifon. Abu ne mai kyau, ka jona ya kama. Amma kafin kuɗin aikowa ya kai dala 150 zuwa 170, akwai na jabu a kasuwannin intanet, kuma robar TrackClip Pro ba ta jure wasan yara. In ba wani ne zai taho maka da shi daga waje ba, ka ajiye maganarsa tukuna. Tobii, na'urar da ke bin ido da kai, da tabarau na VR da ake sawa a fuska a ga kamar ana cikin jirgin, sun fi shi tsada, kuma VR na neman kwamfutar da ta fi ƙarfin yawancin laftof, don haka ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba.

Abin da za ka fara saukewa shi ne OpenTrack. Kyauta ce, a shafin intanet na GitHub take, ba ta da nauyi, kuma ba ta cin data bayan ka sauke ta. Akwatuna uku ne a fuskarta. Input shi ne inda za ta samo motsin kanka. Output shi ne yadda za ta miƙa wa wasan, nan ka zaɓi freetrack 2.0 Enhanced, shi ne ke sa wasan ya ɗauka TrackIR aka jona masa. Filter shi ne mai kwantar da rawar hoto, ka bar shi a Accela. Ka danna Start kafin ka buɗe wasan. Yawancin wasannin a lokacin da ake buɗe su kaɗai suke neman na'urar, in ba su same ta ba shi ke nan sai ka rufe ka sake buɗewa. Da yawa daga masu cewa abin ya ƙi aiki wannan ce matsalarsu.

Gwajin farko ba zai ci maka ko kwabo ba. A Input ka zaɓi neuralnet tracker, wanda ke bin fuskarka da kyamarar laftof, ba ka sa komai a kai ba. Da babu gara ba daɗi, amma ka san iyakarsa. Kyamarar laftof yawanci hoto 30 take ɗauka a sakan, wato milisakan 33 tsakanin hoto da hoto, alhali mai 60 na da kusan 17, mai 120 kuma kusan 8. Abin da ya fi wannan muni shi ne duhu. In haske ya yi ƙasa kyamarar da kanta take tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, sai adadin ya faɗo zuwa 15 ko ƙasa, fuska ta yi dishi-dishi, kallon ya riƙa biyo kanka daga baya yana tsalle. Ƙwan sola guda da ke rataye a tsakiyar rufi, a bayan ƙeyarka, shi ne mafi munin haske ga wannan hanya, domin fuskarka ta zama inuwa. Ka samo ƙaramar fitila mai caji ka ajiye ta bayan laftof tana haska fuskarka, ka rufa mata farar takarda don kada ta kashe maka ido. Sannan wannan hanya na cin ƙarfin kwamfuta, kuma laftof da ke fama da wasan dama ba ta da rarar da za ta bayar.

Waya na iya ɗauke mata wannan nauyi. SmoothTrack manhajar waya ce ta kuɗi, tana bin fuska da kyamarar gaba ta aika wa OpenTrack sakamakon. A Input ka zaɓi UDP over network, lambar ƙofar 4242. Ka kunna hotsfot na wayar, laftof ta hau, ka rubuta ipconfig a cmd, baƙar tagar ba da umarni ta Windows, ka ga adireshin IP na laftof, ka shigar da shi a wayar. In adadin ba ya motsi, kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta hana, ka ba OpenTrack izini. Abin da ke ba da matsala a nan zafi ne: waya na kunne da kyamara, tana caji, tana hotsfot, a watan Afrilu, za ta rage gudu ko ta kashe kanta. Ka cire mata riga, ka sa ta inda fanka ke kaiwa. Akwai kuma hanyar takarda, aruco, inda ake buga wata alama baƙi da fari da ke shafin OpenTrack, a liƙa a kwali, a ɗaura a saman goshi. Kuɗin buga shafi ɗaya ne a shagon kwamfuta, kuma da hasken rana take aiki, ba ta gudunsa. Sharaɗinta kwalin ya zama a miƙe tsaf, takardar kuma marar sheƙi.

Wanda ya yi niyyar daɗewa a wasan, ƙarshensa maƙalar ƙwayaye uku zai haɗa, domin ita ce ke kusan kamo TrackIR. Kyamara na ganin ɗigo uku masu haske a baƙin fili. Manhaja ta san ainihin tazarar da ke tsakaninsu, don haka daga yadda surarsu ta canja take gane juyawar kai. Lissafin ba shi da nauyi, shi ya sa ko tsohuwar kwamfuta ba ta jinsa.

Kayan haɗin: ƙwan infirared uku, rizista ɗaya, tsohuwar wayar USB, da abin da za a ɗora su a kai. Ƙwan da masu wannan harka suka fi so shi ne SFH485P na Osram, saboda kansa a baje yake, haskensa na buɗewa digiri 40 ta kowane gefe. In ba ka same shi wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari ba, mai gyaran rediyo a kasuwar garinku na da matattun rimot a kwali. Ka ciro ƙwayaye uku masu kama ɗaya. Sai dai ƙwan rimot haskensa a tsuke yake, gaba kawai yake harbawa, da ka ɗan juya kai kyamara ta daina ganinsa. Maganin shi ne ka goge ƙoƙon kansa da samfefa har ya baje, ka tsaya saura kamar milimita ɗaya ko biyu ka kai ga ƙarfen da ke ciki, sannan ka bi gefensa da samfefa mai laushi har ya yi fari-fari. Hasken zai ragu kaɗan amma zai watsu, kuma watsuwar ake nema.

Ana jera su ne bi da bi, ƙafar wannan ta kama ta wancan, rizista a farko. USB na ba da bolt 5. SFH485P na shan wajen bolt 1.4 kowanne, uku sun sha 4.2, saura 0.8, rizista mai om 22 za ta bar miliamfiya kusan 36 ta wuce. Zanenta ja, ja, baƙi. Ƙwan rimot na shan ƙasa da haka, wajen 1.25, don haka ka sa mai om 33, ruwan lemo, ruwan lemo, baƙi. Kada ka jona ba rizista don ka ga suna ci, za su yi zafi su mutu ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka dogara da cewa doguwar ƙafa ita ce ta wuta, wasu ƙwayayen infirared a juye suke. Ka gwada kowanne kafin a sa dalma: ka duba shi ta kyamarar waya, in yana ci za ka ga haske ruwan shuni-shuni. In kyamarar baya ba ta nuna ba ka gwada ta gaba. A cikin wayar USB ja ce ta wuta baƙa ce ta ƙasa, amma wayoyi masu arha ba sa bin ƙa'ida, ka sa mai gyara ya auna maka da mita. In ɗaya ya juye a jerin, duka ukun ba za su ci ba.

Ma'aunin da OpenTrack ke zuwa da shi, in ka kalli maƙalar daga gefe, shi ne: ƙwan tsakiya na baya kusa da kunne, na sama ya ɗara shi milimita 40 a tsayi da 30 a gaba, na ƙasa ya sauka 70 ya yi gaba 80. Duka ukun a layi ɗaya in an kalle su daga gaba, duka suna fuskantar kyamara. Ba dole ka dace da waɗannan lambobi daidai ba. Dole ɗin shi ne ka auna abin da ka haɗa da rula, daga tsakiyar ƙwai zuwa tsakiyar ƙwai, ka shigar da shi a shafin Model na PointTracker, wato abin da za ka zaɓa a Input don maƙalar. Kuskuren milimita biyar ya isa ya sa in ka waiwaya kujerar matuƙin ta riƙa zamewa gefe. Firam ɗin kuma ya zama mai tauri: tsohon katin roba mai kauri, ko yankin bututun roba na wayar wuta da aka baje da zafi. Waya mai lanƙwasuwa ba ta yi, yau wannan ma'auni gobe wani. Kada ka yi amfani da gam ɗin kyandir da ake narkawa, zafin bazara a ƙarƙashin kwano na sassauta shi ƙwan ya karkace. Ka sa gam mai haɗi biyu, ka ɗaure a hedifon da igiyar roba mai zugewa. In ba ka sa hedifon, akwai tsarin hula: ƙwai biyu a gefen bakin hana-sallah, ɗaya a sama ta baya. Hularmu ta kube ba ta da bakin da za a ɗora.

Maganar wutar maƙalar tana da muhimmanci a wajenku. In kana cajin laftof da janareta ko inbata kana jin ɗan ja a jikinta, kada ka kai wannan waya kusa da kunnenka, ka ba maƙalar wuta daga fawa bank. Amma fawa bank da yawa na kashe kansu bayan ɗan lokaci in abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, kuma miliamfiya 36 a wajensu kamar ba a jona komai ba ne. In naka na yin haka, ka koma batir AA biyu. Bolt 3 ba za ta ɗauki ƙwai uku a jere ba, sai kowanne ya samu layinsa da rizistarsa mai om 47. Batirin da ya fara sanyi alamarsa ɗigon su ƙanƙance a kyamara, kallo ya fara ɓacewa a gefe.

Kyamarar da ta yi suna a wannan aiki ita ce PS3 Eye ta Sony, mai ɗaukar hoto 60 a sakan a girman 640 da 480. Ka tambayi masu sayar da kayan gem na hannu a Kano, wajen Beirut Road ko Farm Centre, ka kuma gwada ta kafin ka biya. Windows ba ta gane ta sai da direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta: ko CL-Eye, ko wanda shafin OpenTrack ya yi bayanin sa shi da manhajar Zadig. Zoben gilashinta na da ɗigo biyu, ja digiri 56 ne, shuɗi 75. Ka bar shi a ja, ka tabbata lambar da ke cikin manhajar ita ma 56 ce. Ka jona ta kai tsaye a jikin laftof, kada ta raba ƙofa da joyistik a kan ɗan abin nan mai ƙara ramukan USB. A gabanta kana buƙatar abin da zai tare hasken da ido ke gani ya bar infirared ya wuce: baƙin faifan da ke cikin tsohon fulofi, ko baƙin ƙarshen fim ɗin hoto da aka wanke in tsohon mai hoto na garinku bai zubar ba, ko baƙar robar nan da ke goshin rimot. A cikin kyamarar akwai wani ɗan gilashi mai tare infirared da wasu ke cirewa. Ka fara gwadawa ba ka cire ba. Sau da yawa ƙwayayen na da ƙarfin da za su ratsa shi, kuma in ka cire hoton ya yi hazo, kyamarar ba ta sake amfanuwa ga wani aiki.

Yanzu ɗakin. Rana ce babbar mai zubo infirared, kuma manhajar ɗigo uku take nema, in ta ga huɗu sai ta rikice, kallo ya fizge sama ko ya kife. Ka buɗe hoton kyamarar a OpenTrack ba ka kunna maƙalar ba. Ya kamata ya zama baƙi ƙirin. Duk wani farin ɗigo da ka gani, tashi ka nemo shi. Ramin ƙusa a kwano na jefo ɗigon rana a bango, kuma ɗigon na tafiya da tafiyar rana, shi ya sa wani zai ce abin na aiki da safe amma da azahar ya haukace. Tsagar ƙyauren taga haka, ƙasan ƙofa haka. Da dare kuma fitilar ƙwai, kyandir, garwashin kasko a lokacin sanyi, jan bakin maganin sauro mai hayaƙi, da tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, duk suna fitar da shi. Ƙwan sola na LED kusan ba ya fitarwa, nan ka ci riba. Madubi, jeren kwanuka, agogon bango mai gilashi da tabarau ba su da hasken kansu amma suna dawo da na wani, kuma mai TrackIR da madubai a hula ya fi kowa shan wannan, tunda kyamararsa ce ke watsa hasken. Mafi sauƙi ka juya teburin bayanka ya zama bango marar taga, ko ka rataya bargo mai duhu a bayanka. Sannan a saitin kyamara ka kashe na atomatik, ka sauke Exposure da Gain ƙasa sosai, ka ja Threshold har ɗigo uku kaɗai su rage, kowanne ƙarami, zagayayye. A lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ƙura na sa ɗigon su baje su haɗe da juna.

In ɗakin ya gagara gyaruwa, akwai masu haɗa ɗan allon lantarki Arduino Pro Micro da na'urar jin motsi MPU-9250 su ɗaura a hedifon, irin tsarin EDTracker. Ba ruwansa da haske, amma juyawa uku kaɗai yake bayarwa, ba leƙe.

Tazarar kyamara da kai ta zama santimita 60 zuwa 90, a tsayin ido ko ɗan sama. In maƙalar na kunnen hagu, kyamarar ma ta gusa hagu ta yi saiti da ita, in ba haka ba fuskarka za ta tare ƙwan tsakiya da ka waiwaya ɓangare ɗaya. Zama a tabarma da laftof a kan ƙaramar kujera na sa kyamara ta riƙa kallonka daga ƙasa, kana ɗaga kai ɗigon su haɗe. Kuma kada ka ɗora ta a murfin laftof in joyistik na kan tebur ɗaya, duk fizgar da ka yi murfin na rawa, manhajar kuma ba ta san kyamara ce ta motsa ba kai ba. Ka kafa ta a bango ko a wani abu daban. Da ka gama, a shafin Model ka danna Start calibration, ka waiwaya hagu da dama, sama da ƙasa a hankali ba ka motsa kafaɗa ba, ka tsayar. Da wannan take gane tazarar maƙalar da tsakiyar kanka.

Sai Mapping, inda ake saita ninkin, kuma a nan ne za a daina harbo ka ko a ci gaba. Kowane motsi na da jadawali: layin ƙasa motsinka na gaske, layin tsaye abin da wasan zai yi. Kuskuren sabon shiga shi ne miƙaƙƙen layi, ninki shida tun daga farko, sai numfashi ma ya girgiza kallo. Ka lanƙwasa shi ya fara a kwance ya miƙe daga baya. Ga inda za ka fara a waiwaye: digiri 2 na farko kusan ba motsi, 10 ya ba da 25, 20 ya ba da 75, 32 ya ba da 175. Mai tabarau ya tsaya a 25, don bayan nan ta gefen firam yake kallo. A ɗaga kai, digiri 20 ya kai ka 90, domin a faɗan juyi abokin gaba a saman murfin jirgi yake zama, can za ka fi daɗewa kana kallo. Sunkuyawa ba ta buƙatar haka, 60 ya isa ka ga agogunan jirgi, don haka ka kunna Asymmetric mapping ka raba su. Karkata zuwa kafaɗa ka bar shi ɗaya da ɗaya, ko ka kashe shi a makon farko, shi ne ya fi kawo jiri. Kada wurin da ba ya motsi a tsakiya ya wuce digiri 2 ko 3, in ya yi faɗi za ka ji kallo na maƙalewa duk lokacin da ka ratsa ta tsakiya kana bin jirgi. A Accela kuma, ƙara laushi ƙara jinkiri ne. In hoton na rawa ka fara gyara haske da ɗigon, kada ka rufe matsalar da tacewa.

Gusawa gefe da sama na da tasu matsala. Alamar saitin bindiga a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu haske ce da ake jefawa a ɗan gilashi, in kanka ya fita daga saitin gilashin ta ɓace. A Bf 109 ma gilashin ba a tsakiya yake ba, ya ɗan gusa dama. Don haka ka bar santimita ɗaya zuwa biyu na farko a kwance, daga nan santimita 10 ya ba da 15 zuwa 20. A IL-2 Great Battles kana iya gyara mazaunin kan matuƙi ka adana da F10, kowane jirgi da nasa. In kana kallon baya ka gusa dama sai kallo ya tafi hagu, akwai Relative translation a Options. Wasu wasannin na yin wannan gyara da kansu, in ka kunna a wuri biyu sai ya sake juyewa, don haka ka gwada a kunne da a kashe.

Maɓalli biyu ba a wasa da su: na dawo da kallo tsakiya, da na tsayar da bin kai. Ka sa su a joyistik inda yatsa ke kaiwa ba ka duba ba. TrackIR na zuwa da F12 da F9, amma F12 ne maɓallin ɗaukar hoto a Steam, manhajar sayen wasanni, kuma a wasan jiragen yaƙi na DCS maɓallan F na canja kallo ne, don haka ka sauya. Kafin kowane tashi ka zauna yadda za ka zauna a tsakiyar faɗa, ba a miƙe kamar mai jiran hoto ba, ka kalli tsakiyar allo, ka danna. Na tsayarwar zai yi maka amfani a DCS lokacin da kake neman danna ƙaramin makunni da linzamin kwamfuta (maus).

Ka sa ran makon farko wasanka zai lalace kafin ya gyaru. Hannu na bin kai, kana waiwaya dama sai ka ga ka kwantar da jirgin dama, kana kallon baya hancinsa na nufar ƙasa ba ka sani ba. Kada ka shiga faɗan intanet da shi tukuna. Ka tashi kai kaɗai, ka zaɓi gada ko filin jirgi, ka yi ta kewaya shi idonka bai bar shi ba, kana riƙe da tsayinka. Daga nan ka sa jirgin kwamfuta marar harbi ka bi shi. Minti 15 zuwa 20 a zama ya isa, in ka ji jiri ko wuya ya ƙage ka tashi. Kuma in ka samu saitin da ya yi kusa da daidai ka ƙyale shi mako guda, wuyanka ne ke haddace inda baya yake, in kana canjawa kullum ba zai haddace ba.

Harbin da ake yi maka ta baya kuwa, na'urar ba za ta waiwaya maka ba. Matuƙa na kiran bayan jirgi ƙarfe shida, kamar a fuskar agogo, kuma wanda zai harbo ka yawanci daga can yake zuwa, ta sama daga cikin rana ko ta ƙasan wutsiya inda jikin jirgin ya tare. Ka saba da zagaye: hagu har wutsiya, sama, dama har wutsiya, agoguna, ka sake, ba ka wuce 'yan sakanni kana kallon gaba ba. Kana yi kana ɗan karkata jirgin hagu da dama don ka buɗe abin da ke ƙarƙashin wutsiya. A P-51D da F-16 murfin gilashi ne zalla, za ka ga baya sosai. A MiG-21 da Su-25T komai kyan na'urarka jikin jirgin ya tare, sai da karkatawar. A jiragen zamani na DCS kan naka ma makami ne: hular matuƙin F/A-18C da F-16C na nuna wa makami mai linzami AIM-9X inda zai bi, ta MiG-29 na yi wa makamin R-73 haka, bindigar jirgi mai saukar ungulu Apache na bin inda ka kalla. A nan rawar digiri ɗaya ma tana hana kamu, kuma a nan maƙalar ƙwayaye ke barin bin fuska a baya.

In wuta ta yanke laftof ta koma batir, za ta rage ƙarfin katin hoto da kanta, wasan ya faɗo daga hoto 60 zuwa 25, kai kuma ka zargi na'urar. Bin kai na tona asirin wasan da ke tafiya a hankali fiye da maɓalli, domin kallo ba ya tsayawa. Ka rage inuwa, gajimare da ciyawa har adadin ya zauna a wuri ɗaya, ka ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga. DCS World kyauta ne da Su-25T da TF-51D, kuma a cikinsa ake sayar da L-39, irin jirgin da sojin saman Najeriya ke horar da matuƙa da shi a Kano, da JF-17 da suka karɓa a 2021. Amma yana neman fili sama da gigabait 100 da RAM 16, saukarsa sai dai ka ɗauki faifan ajiya na kwamfuta (hard disk) ka shiga birni. Falcon BMS, wanda ke buƙatar ka mallaki tsohon Falcon 4.0 na 1998, da IL-2 1946 sun fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta, suna aiki ba intanet, kuma duka biyun na karɓar OpenTrack. A War Thunder ka shiga faɗan Simulator, inda kowa a kulle yake a kujerar matuƙi. A sauran matakan masu tuƙi da maus na kallon jirginsu daga waje, suna ganin abin da kai ba za ka gani ba ko da ka waiwaya.